Ranar da bareyi suka tsare ni

Har yanzu ina jin ƙamshin busasshiyar ciyawa na yammacin nan, ina zaune a kan dandamalin katako a saman bishiyar kurna, a wata gona a wajen Doha. Malamarmu ce ta tura ni ɗaukar hoton bareyi, ta ce in na firgita su wajen saukowa, aikin mako guda ya lalace.

Ni kuwa na sha karatu. Na san a lura da iska, a cire takalmi, a sauko kamar inuwa. Tikitin wasan Kofin Duniya yana jakata, Malam Habu direba yana jirana a bakin gona.

Na ɗora ƙafa a tsani a hankali. Bareyin suka ɗaga kai, maimakon su gudu sai suka nufo ni. Na koma sama. Na sake gwadawa, suka kewaye bishiyar suna kallona. Babu littafin da ya ambaci wannan.

Malam Habu ya kira waya. "Hajiya, yalla, yi sauri, an kusa take wasa!"

"Sun tsare ni," na raɗa masa.

"Su wa? 'Yan sanda?"

"Bareyi."

Da hularsa ya zo ya kore su, yana dariya har da hawaye. A rediyon mota na ji ƙarshen wasan.

Har yau ɗaliban Najeriya da muke karatu tare a Doha "fursunar bareyi" suke kirana. Sai bayan shekara na ji cewa a gindin tsanin ake zuba musu dusa kullum da la'asar. Abincinsu suke jira in sauko da shi.