Rasuwar Kumbo, Kwamfutar Mma Hasiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma zargin da har yau bai kwanta ba, iyalan Malam Ishawu, mai gyaran kwamfuta a titin Grand Concourse da ke Amurka, ke sanar da rasuwar Kumbo, tsohuwar kwamfutar tebur da ya kai wa mahaifiyarsa, Mma Hasiya, a Kumasi. Ta cika ranar Lahadin da ta gabata, tana da shekara goma sha ɗaya.

Ishawu ne ya raɗa mata suna. Ya daɗe yana bin labarin kumbunan da aka harba sararin samaniya tun kafin a haife shi, waɗanda masana ke gyara kwamfutocinsu daga nan duniya, su aika umarni, su zauna jiran amsa kwana ɗaya da rabi. Ya ce in dai haka ne, ai Kumasi ƙofar gida ce. Shekara tara ke nan da ya kai ta da hannunsa, kuma tun daga nan bai sake taka Ghana ba. Duk sanda ta yi ciwo, daga shagonsa yake shiga cikinta ta intanet ya yi mata magani. Abokan ciniki sun ji wannan alfahari har sun gaji.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta jure zafi, ta jure ɗauke wuta, ta jure mayafin leshin da Mma ke lulluɓa mata. In an kunna ta sai ta ce "ƙirrr, ƙat-ƙat", ta yi tari biyu, sannan fuskar Mma ta bayyana kowace Lahadi, rabi a allo rabi a waje.

"Yaushe za ka zo?" haka take tambaya.

"Ga ni kina gani na, Mma," haka yake amsawa.

Ba ta yi jinya ba, kuma nan ne zancen ya ƙi shiga kan Ishawu. Ranar Asabar ya duba ta, lafiyarta ƙalau. Washegari aka ce ta yi "fas", hayaƙi ya tashi. Ya fara zargin wuta, aka ce ko firjin gidan bai girgiza ba. Ya koma kan ƙanwarsa Zalika, wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kan sabuwar laftof.

"Yaya, ni ko touching ban yi ba," in ji ta, ta turo masa hoton bayan mamaciyar.

Akwai wani ɗan jan maɓalli a can, mai zaɓa tsakanin wutar Amurka da ta Ghana, wadda ta ninka ta ƙarfi. Shi ya saita shi, ya liƙe da salatif, kuma mutum ɗaya tak ya gaya wa cewa in aka tura shi, shi ke nan. A hoton, maɓallin yana ɓangaren Amurka. Salatif ɗin kuwa an ɓare shi a tsanake, an ninke gida huɗu, an ajiye a gefen tebur, yadda Mma ke ninke kallabinta. Ya kira Mma a waya.

"Mma, wa ya taɓa jan abin nan?"

"Ni tsohuwa me na sani a inji? Kai da kake gyara daga nesa, gyara mana."

Kunya ta kama shi, ya ajiye wayar ya shiga neman tikitin jirgi.

Ta rasu ta bar allo mai ƙatuwar ƙeya, da kibod da ya rasa haƙora biyu, da mai gyara wanda umarninsa ya daina isa Kumasi.

Game da jana'iza, Mma ta hana a taɓa gawar. Tana falo cikin leshinta, ba za a fitar da ita ba sai mai ita ya zo. Saboda haka an ɗage zuwa Juma'a ta sama, bayan saukar jirgin Accra. Ana karɓar gaisuwa a shago har Laraba, daga nan za a rufe mako uku. Ishawu ya ce a can zai ƙarasa bincike. Masauki ba matsala, domin Zalika ta tabbatar Mma ta sa an share masa ɗaki tun ranar Asabar, ana gobe Kumbo za ta cika.