Waƙar Dambe Sittin a Bikin Warra

Kwamfuta ba ta da kara, kuma ba zan yafe mata abin da ta yi mini a Warra ba. Mantawa kuwa, ko na so dangi ba za su bar ni ba.

Sai da na aurar da 'ya'ya biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci a Yelwa, daga nan na zarce ajin kwamfuta. Malama Hadiza ce ta saka mini manhajar sauke waƙoƙi a cikin wani abu da ake kira kwantena. Ta ce kamar ɗan ɗaki ne a cikin kwamfutar: manhajar ta shiga, ta yi aiki, ta fita, a share ɗakin tas. Ta saita ta ta tashi sau ɗaya a rana, ƙarfe goma na safe.

Da bikin ɗiyar yayana ya matso, na bugi ƙirji na ce kada a ɗauko mai kiɗa, waƙoƙi na wuyana. Matar yayana, Yaya Balki, ta ce, "Ke Hajo, boko da tsufa? Kada ki kunyata mu gaban dangin ango." Na ce ta zuba ido.

Na jera waƙoƙin aure guda sittin. A samansu akwai waƙar 'yan dambe da na saka tun ranar gwaji (ina son dambe, ban ga abin ɓoyewa ba). Sai na tsaya kallon layin da ke riƙe da lokaci: sifili, goma, taurari uku. Me ya sa wasu suka samu tauraro, sifili bai samu ba? Tambayar ta hana ni sakat. Na goge sifilin na sa tauraro, don in ga abin da zai faru.

Ashe cewa na yi ta tashi kowane minti, daga ƙarfe goma har sha ɗaya. Sabis ɗinmu na bakin ruwa kuma waƙa ɗaya yake iya jawowa a minti, sai a share ɗakin, ta manta, ta sake farawa daga sama. Na duba na ga fayil sittin cif. Ban saurari ko ɗaya ba. Na kwashe a memori na hau mota ina taƙama.

Ranar kamu, tsakar gida cike da mata, aka fito da amarya a lulluɓe. Na sa memorin a sifika na danna. Kalangu ya ɓarke, mawaƙi na kirarin wani ƙato mai karya haƙarƙari. Na ce, "Ku yi haƙuri, ta gaba." Ta gaba ma shi ne. Ta bayanta ma ƙaton nan ne.

Gwaggon ango ta ɗaga murya: "Shin wai amarya munka zo ɗauka, ko damben zagaye nawa za a yi?"

Amarya na ta girgiza cikin mayafi, na ɗauka kuka take, ashe dariya ce. Yaya Balki ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya da ludayi ta dire a gabana. Ni na yi wa bikin kiɗan ƙwarya har la'asar.

Abin da na koya: son sani ba laifi ba ne, amma a gwada shi ranar da ba a gayyaci kowa ba.

Washegarin komawata Yelwa da sassafe na rungumi kwamfutar na ƙwanƙwasa ƙofar Malama Hadiza. Na ce, "Sauran taurarin nan uku, gaya mini aikin kowanne, don hannuna har ya fara ƙaiƙayi."