Yadda Ake Zama Dakta a Kan Cunkoson Keke

Mutanen da ke cikin wannan bayani su ne: Mikail, ɗan ƙanwata, ɗalibin digiri na uku a kimiyyar lissafi, Farfesa Yoila, mai duba aikinsa, Dakta Ketura, mai jarrabawa daga wata jami'a, da Muhsinat, matar Mikail, wadda ta rantse in boko bai ciyar da su bana ba, sai ya zauna shagon yadin mahaifinta. Wanda ya bi matakan nan, na lamunce masa riga da hula.

1. Zaɓi abin da ba ya warwaruwa. Fannin nan yana nazarin abubuwa masu yawa da ke cuɗanya, irin su tururuwa da annoba. Mikail ya ɗauki cunkoson keke mai ƙafa uku a bakin Kasuwar Litinin. Kada ka taka kasuwar, akwai rana. Zuba kekunan ƙarya cikin kwamfuta, su yi ta gwara kai.

2. Raɗa wa kuskurenka suna. Duk sanda aka ɗauke wuta Mikail ya sake kunna kwamfutar, sai amsa dabam ta fito. Ya kai kuka. Farfesa yana ɗaure jakar tafiya taro ya ce, "Ɗana, a fanninmu ɗan bambanci a farko shi ke juya ƙarshe. Rubuta haka." Kai ma rubuta. Kuskuren da aka yanka wa rago ya zama sakamako.

3. Yawaita zane mai launi. Ido in ya ƙoshi, baki ba ya tambaya.

4. Ranar kare aiki, tsaya kan rashin sani. Dakta Ketura ta ce, "Malam Mikail, abu ɗaya tak: in an faɗaɗa hanyar, cunkoson zai ragu?" Ya ce, "Ranki ya daɗe, bincikena ya tabbatar ba mai iya sani." Ta dubi Farfesa, wanda zai jarraba nata ɗalibin wata mai zuwa. Ta ce, "Gyara kaɗan."

5. Kada ka kai dabarar gida. Muhsinat ta ce, "Barka, Dakta. To, yaushe aiki?" Ya ce ba mai iya sani. Ta ce, "Ni na sani." Yanzu yana auna shadda a Kasuwar Litinin, ya ga cunkoson da idonsa a karon farko.

Abin da ya sami mai bin shawarar nan, ba ruwana. Ƙaramin bambanci ne daga wajensa. Na koyi boko da furfura, inda alƙalamina ya zame, masana su gyara mini.