Shimfiɗar da Na Ɓoye wa Mai Tayil

Ɗakina a kan tsohon kududdufi yake, wanda aka cike da shara, shi ya sa duk damina daɓen ke tsagewa. Da ɗana Sani ya tashi sa mini tayil, sai ya aiko da wata naɗaɗɗiyar roba daga Kaduna. A waya ya ce, "Inna, shimfiɗa ce, ita za ta hana tayil fashewa in ƙasa ta motsa."

Ni da na tsufa ina shimfiɗa leda, wa zai koya mini? Shimfiɗa ai a sama take. Na ɓoye ta a ɗakin maigida kada siminti ya ɓata ta. Mai tayil ya tambaya ko an aiko da wani abu, na ce, "Malam, yi naka, sauran nawa ne."

Da ya gama na shimfiɗa abata a kai, har da kiran maƙwabta. Hajiya Talatu ta taka ta ce, "Ikon Allah, kafet kamar kwalin ƙwai!"

Damina ba ta yi nisa ba tayil ya dare daga ƙofa har gindin gado. Sani ya zo, ya ɗaga robar, ya ce, "Inna, a ƙarƙashi ake sa ta." Bai sake zancen gyara ba.

Yanzu ko ɗankwali na ɗauka, sai jikokina su ce, "Tsohuwa, tsaya a kira Baba Sani, a ji sama ne ko ƙasa."