Man Kaɗe da Falalen Dutse

Ko na manta da komai na zaman duniya, ba zan taɓa mantawa da sanyin farko da na yi a gidan miji ba. Ni 'yar Gusau ce, inda na tashi ban taɓa hawa abin da ya fi dokin ƙofa tsawo ba. Sai aure ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Tsafe, a gindin dutse.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba, hare-hare sun lafa, mutanen da suka yi zamansu a kan dutse don tsoron mahara duk sun sauko. Mutum ɗaya ta ƙi, wato kakar maigidana, tsohuwa makauniya. Ta ce a can ta tsufa, a can za ta jira ajalinta. Kullum sai an hau an kai mata abinci. A gidan nan kuwa, amaryar da Kaka ba ta sa wa albarka ba, baƙuwa ce har abada.

Surukata, wadda muke ce wa Inna, ta so ta koya mini hawa. Ta nuna mini wani ɗan tudu a bayan gida, ta ce, "Ɗiyata, da wanga za ki soma, hantsi-hantsi in dutsi ya yi ɗumi. Sai ƙahwa ta saba kana mu tai babba." Na ce to. A raina kuwa na ce, ni da lallena zan je ina hawa tudun awaki? Kullum da dalilin da nake kawowa (ciwon kan da na yi a watan nan, Allah kaɗai ya san yawansa).

Wata safiya aka aiko cewa jikin Kaka ya tsananta, kuma tana tambayar amarya. Maigida ya tafi cin kasuwar Mada. Inna ta yi gaba da sauri, ta ce in dama kunu, in jira rana ta ɗaga, in bi doguwar hanyar da ta zagaya.

Ina tsoron kada Kaka ta cika ban samu albarkarta ba. Ban jira rana ba. Kuma da yake sanyi ya farfasa mini dugadugai, na ga ba zan je gaban dangin miji da faso ba, sai na lafta wa ƙafafuna man kaɗe har tafi, kamar yadda muke yi a birni. Na aza ƙwaryar kunu a kai, na yanke ta gajeriyar hanya, wadda take miƙe a kan falalen dutse.

Da fari lafiya lau. Ina kaiwa inda dutsen ya miƙe sosai, sai ƙafa ta fara zamewa. In na taka gaba, santsi ya mayar da ni. Na waiga ƙasa, na ga rufin ɗakunanmu sun zama kamar faifai. Na kwanta rub da ciki, na rungume dutse mai sanyin ƙanƙara, ƙwarya ta gangara tana ƙara, kunu ya bi ta. Na yi salati, na yi kuka, na kira uwata da take Gusau.

Ƙarar ƙwaryar ce ta fito da Inna. Ta sauko kamar mai tafiya a tsakar gida, ta dubi ƙafafuna suna ƙyalli, ta ce, "Mi kika shahwa?" Matar da ko ido ba na haɗawa da ita don kunya, ita ce ta durƙusa ta goge mini tafin ƙafa da bakin zanenta. Na miƙe, ƙafa ta ƙi ɗaukata. Sai ta juya mini baya, ta ce, "Hau. Tsohuwa ba ta da lokacin jira."

Haka na shiga ɗakin Kaka, goye a bayan surukata, hannu wofi, ga mata cike da ɗaki. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Kaka ta laluba fuskata, ta ji hawaye. Aka gaya mata yadda na iso. Sai ta ce, "Bar kuka, ɗiyata. Ni ma goye aka hawo da ni wanga dutsi, ran da mahara sunka ci garinmu, kuma ɗauke za a sauke ni. Allah shi yi miki albarka." Kafin sanyin ya wuce, maza suka sauko da ita a makara.

Ni dai abin da na koya shi ne, in babba ya ce ki soma da ƙaramin tudu, ki soma da shi. In kuma taurin kai ya zame miki dole, to ki fara tabbatarwa surukarki tana da ƙarfin baya.