Ranar da Babur ɗin Dalhatu Ya Ƙi Juyawa

"…Lafiya lau muka tashi, kafin ka shigo," in ji Abdulganiyu, bai ko fito da kansa daga ƙarƙashin babur ɗin ba. "Bawa, a gidan wa aka koya maka gaida manya a tsaye?"

"Gidanku mana," in ji Dalhatu. "Ai can uwata ta tashi. In ka ga rashin tarbiyya a jikina, daga can aka ɗebo."

Ni mai faci ne, rumfata tana jikin garejin Abdulganiyu a nan Gumel, daidai inda ake karya kwana a hau kwalta. Shekara goma sha ɗaya ina shan wannan shirme ba da son raina ba. Uban Abdulganiyu da uwar Dalhatu ciki ɗaya suka fito, wato taubasai ne. Abdulganiyu ɗan namiji ne, shi ya sa yake kiran Dalhatu Bawa, shi kuma Dalhatu yana ce masa Baƙin Mai. Duk zamana da su ban taɓa jin ɗaya ya kira ɗaya da sunan yanka ba, ban kuma taɓa jin sun gaya wa juna magana guda ta gaskiya ba. Ga furfura a gemu, amma hankalin ko na cikin cokali babu.

Dalhatu malamin dabbobi ne, yana da babur mai ƙafa huɗu da yake shiga rugage da shi. Makon jiya ya ɗauki allurar rigakafin ciwon huhu zai kai rugar Arɗo Manu, can bayan Sule Tankarkar, sai babur ya kafe a wani kwari mai yashi. Awa huɗu yana tono da hannu. Ƙanƙarar cikin kula ta narke, allura ta lalace. Arɗo ya aiko cewa ciwon ya riga ya shiga rugar maƙwabtansa, in ba a yi wa shanunsa allura ba kafin Alhamis, zai kora su kasuwar Maigatari ya rabu da su ko nawa aka taya. Ranar da nake ba ku labari Laraba ce, kuma kwalaben da ke cikin kular Dalhatu su ne na ƙarshe da suka rage a hannunsa.

"To, Baƙin Mai, ka gama lalata mini babur ko da saura?"

"Lalata? Abin da ka kawo mini ai ba babur ba ne, gadon asibiti ne aka sa wa inji."

"Kwana uku kana kwance a ƙarƙashinsa. Na zaci haya ka kama."

"Kwana biyu ina wanke kashin shanun da ka shafa masa, kwana ɗaya ina aiki."

Abdulganiyu ya jawo jiki ya fito, ya goge hannu a gefen rigar Dalhatu kamar tsumma. Dalhatu ya kai masa duka da hula, ya goce.

"Zo in nuna maka, ko da yake na san asarar yawu zan yi. Ka san abin da ya kafe ka a yashi?"

"Addu'arka."

"Tayoyin gabanka ne, halin gidanku gare su. In ɗaya ta faɗa rami ta rasa abin takawa, ita ce za ta yi ta rawar kai tana juyi a banza, ɗayar da ke kan ƙasa mai ƙarfi kuwa ta naɗe hannu tana kallo. Kamar kai da ƙaninka ranar noman gandu."

"Mu dai muna da gandun. Kai gonarka nawa, ban da wannan kwatamin?"

"Sai na buɗe aksul ɗin gaba, ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu, na sa masa makulli. Ka ga jan maɓallin nan? In ka danna shi, tayoyin biyu sun zama abu ɗaya, kamar shanun huɗa a ƙarƙashin karkiya. Ko ɗaya tana lilo a sama, ɗayar za ta ja."

"Kai ka ƙera makullin?"

"Daga Kano na sa aka kawo."

"Alhamdu lillahi. Da kai ka ƙera, da na tafi a ƙasa."

"Ai ƙasan ta fi dacewa da kai. Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa jin bawa a kan ƙafa huɗu ba, sai dai shi ya zama ƙafa huɗun."

Akwai wani rami a bayan gareji inda aka taɓa ɗibar ƙasar gini, yashi ya cika rabinsa. Abdulganiyu ya hau babur ya afka ciki da gangan. Tayar hagu ta ɗaga sama tana ta wulwulawa, babur ko motsi. Ya danna jan maɓalli, ya murɗa totur a hankali, sai ga abu ya fito yana huci kamar ba shi ne ya kafe ba. Gaskiya aikin ya yi kyau, har ni na miƙe tsaye. Amma don Allah ku ji abin da mai babur ya ce.

"Ramin da kaza ke wankan ƙasa a ciki? Ko jikata ta tura shi da hannu ya fito."

"Ka ce na gode, bakinka ba zai ruɓe ba."

"In gode maka? Kai da ka ce in zuba man ƙuli a birki?"

"Kuma ka zuba."

"Kai da ka tura ni Gagarawa cikin azumi wai Kawu ya bar mini rago a hannun wani Yelwa? Na zagaye garin kaf, ba rago ba Yelwa."

"Ai ragon ya je. Kai ne."

Dalhatu ya yi tsaki, ya ɗora kula a bayan babur ya ɗaure da roba, ya haye ya gyara zama kamar wanda za a ɗauka hoto. Rana ta fara ɗagawa, kuma tafiyar ba kusa ba ce. Ya tada inji. Nan ne na ga fuskar Abdulganiyu ta canza, idonsa na kan maɓallin da ya bari a danne.

"Dalhatu, tsaya. Kashe jan maɓallin nan kafin ka hau kwalta."

"Don me?"

"Makullin na yashi ne da taɓo kawai. A kan ƙasa mai tauri, in tayoyin suna kulle, kan babur ba zai juyu ba. Miƙewa zai yi da kai."

Dalhatu ya kwashe da dariya har yana dukan tanki.

"Ka ji shi! Babur mai kai da hannu biyu wai ba zai juya ba. So kake in kashe, in je in kwana a kwarin Arɗo, ka samu labarin da za ka ba 'yan shayi wata guda."

"Ba wasa nake ba."

"Haka ka ce ranar rago."

"Wallahi, Dalhatu…"

"Ranar man ƙuli ma ka rantse da kabarin kakanmu. Matsa, Baƙin Mai, kar in taka ka a ce na kashe ɗan Kawu."

Ya murɗa totur da ƙarfi don a gani. Daga bakin gareji zuwa kwalta taku ashirin ne, sai a karya hagu. Na ga ya karya. Na ga kafaɗunsa sun karya, wuyansa ya karya, har bakinsa ya karkace hagu. Babur dai ya ce shi gaba ya sani. Ya miƙe sak ya nufo ni. Na yar da famfo na yi tsalle irin wanda rabona da shi tun ina saurayi, shi kuma ya shige cikin tsibin tsofaffin tayoyina. Dalhatu ya kifa a kansu, ƙafa a sama. Roba ta tsinke, kula ta yi sama ta faɗo tana gangarawa bakin kwalta.

Abdulganiyu ya zo a guje. Ya wuce taubashinsa ko kallo bai yi masa ba, ya wuce ni, ya durƙusa gaban kula. Ya buɗe murfin. Dalhatu ya rarrafo daga cikin tayoyi, hula a wuya, ya tsaya a kansa. A shekara goma sha ɗaya, ranar na fara jin garejin nan shiru, kuma ban ji daɗin shirun ba ko kaɗan.

Abdulganiyu ya ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya yana duba su a hasken rana. Ƙanƙara da tsumman da aka naɗe su a ciki sun tare. Ko ɗaya ba ta fashe ba. Ya rufe kula da sauri, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Da sun fashe," in ji shi, "da wane ido za ka kalli Arɗo? Ni kuma da wane ido zan kalli Gwaggo?"

"To ni ta yaya zan san gaskiya kake faɗa? Shekara arba'in kana yi mini ƙarya."

"Da me na kira ka?"

"Yaushe?"

"Da na ce ka tsaya. Da me na kira ka, sakarai?"

Dalhatu ya juyo ya kalle ni. Na ce, "Sau biyu ma. Ni da ba taubashin kowa ba na ji, sai da gabana ya faɗi."

Ba wanda ya tambaye ni ko na ji ciwo, ba wanda ya taya ni tara tayoyina. Abdulganiyu ya jawo babur, ya duba aksul, ya kashe maɓalli, ya rufe gareji. Sai ya haye baya ya rungume kula a cinyarsa.

"Ina za ka?"

"Ja mu je. Ba a ba bawa kaya mai daraja ya tafi shi kaɗai. In mun isa yashi ni zan danna, kai dai riƙe kai, in ka iya."

Bayan la'asar suka dawo, yashi har cikin kunne, kula ba komai sai ruwa. Sun ratsa kwarin ba su ko sauka ba, shanun Arɗo duk sun sha allura. Dalhatu ya kwance wata 'yar ƙwarya ta man shanu da aka ba shi a ruga, ya riƙe ta hannu biyu, ya tsaya gaban taubashinsa yana ta gyaran murya kamar mai neman aure.

"Abdulganiyu," in ji shi, "na gode."

Abdulganiyu ya yi baya da sauri har ya taka sifana.

"Kai! Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To kar ka ƙara, ka tsinka mini hanji. Ajiye man a nan, Bawa, ka ɓace mini da gani."

Dalhatu ya dangwarar da ƙwaryar a kan benci yana dariya har da hawaye.

"Ci, Baƙin Mai. Ko sau ɗaya a rayuwarka ka taɓa man da ba na inji ba."