Ranar da Na Koya wa Magini Tarihin Katangarsa

Ko zan manta da komai na zamana a Jos, ban da washegarin wata ƙaramar Sallah, shekara biyu da fara aikina na koyarwa. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

A lokacin ina koyar da ilimin zamantakewa a wata ƙaramar sakandare a Tudun Wada. Ni ba ɗan Jos ba ne, aiki ne ya kawo ni daga wajen Azare. Kuma ina da wani ciwo da malaman makaranta da yawa ke fama da shi, sai dai nawa ya yi tsanani: da zarar mutum uku sun tsaya a gabana, sai in ɗauka aji ne.

Ina neman auren Saratu, 'yar Malam Haladu na Dilimi. Mahaifinta ɗan siririn dattijo ne mai sayar da kwanon rufi da ƙusa a bakin titi, ba shi da yawan magana. In ka gaishe shi sai ya ba ka “lafiya” guda ɗaya ya ajiye sauran. Wata takwas ina zuwa zance, bai ce in turo magabatana ba, bai kuma ce in daina zuwa ba. Ana cikin azumi Saratu ta gaya min ya ce zai yanke magana bayan Sallah, amma yana so ya ƙara ganin hankalina. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai hankali kam ina da shi har na sayarwa.

Ranar Sallah da yamma ta kira ni a waya, ta ce gobe gidansu za su fita yawon Sallah gidan tarihi, kuma direban da ya saba kai su ya tafi ƙauye. Nan take na ce ni zan kai su. Na ari ƙaramar bas a wajen wani abokin aikina, na wanke ta har ƙarƙashin kujeru, na saka sabuwar shadda da ta sha sitati har tana ƙara in na motsa. A tunanina mata da yara zan ɗauka. Ina tsaye a ƙofar gida ana loda kuloli da tabarmi, sai ga Baba da kansa ya fito, ya buɗe gaba ya zauna.

Na san ƙa'ida sarai. Mai neman aure a gaban surukinsa idonsa a ƙasa, bakinsa a rufe, in an tambaye shi ya amsa a taƙaice. Na kuwa riƙe wannan ƙa'ida daga Dilimi har muka kusa isa (wajen minti goma sha biyar ke nan, shiru mafi tsawo da na taɓa yi ina farke). Sai Baba ya ce, “Malam, ka taɓa zuwa wurin?”

Gaskiya ita ce ban taɓa shiga ba, a kan acaɓa kawai nake wucewa ta bakin ƙofar. Amma yaya za a ce malamin ilimin zamantakewa bai san gidan tarihin garin da yake aiki ba? Bakina bai jira shawarata ba, ya ce, “Sau da yawa, Baba.”

Ya ce, “Madalla.”

Wurin ya cika maƙil. Yara sanye da tabaran roba suna ta gudu da balam-balam, masu hoto suna kiran mutane, masu rake da ƙanƙara sun jeru, har maƙwabtanmu Kiristoci sun fito da iyalansu tunda hutu ne na kowa. Muka wuce ɓangaren namun daji, muka bi wata hanya a cikin itatuwa, sai ga wata jibgegiyar katangar jar ƙasa ta tare mana gaba, da ƙofa irin ta birni da soraye masu zanko. Ni kaina na tsaya na saki baki. Akwai wani allo a gefen hanya mai rubutu, na wuce shi ban ko kalla ba (malami ai rubuta allo yake yi, ba karantawa ba).

Da na ci gaba da sakin bakin nan shiru, da yau ba ni da labari. Amma sai wata mata a gefenmu ta tambayi mijinta, “Wai wa ya gina wannan?” Mijin ya ce oho. Na ji tambayar tana yawo a iska ba mai amsa ta, abin ya tsaya min a rai. Na kuma tuna Baba yana so ya ga hankalina. Sai na gyara hula, na yi gyaran murya.

Na ce wannan ganuwa ta kai shekara ɗari biyar. Na ce wani sarki ne da yaƙi ya koro daga arewa ya hau dutsen nan ya gina ta, da bayi dubu. Na ce da jinin shanu aka kwaɓa ƙasar, shi ya sa take ja. Kafin in kai ƙarshen sarkin, mutum wajen ashirin sun taru, wasu sun ɗauka ma'aikacin wurin ne. Ni kuwa ganin aji ya cika sai na ƙara murya.

Baba ya matso kusa, hannayensa a baya. Ya ce, “Ikon Allah. To Malam, waɗancan ramukan fa?”

Daɗi ya kama ni, yau surukina ya yi min magana mai tsawo. Na ce nan maharba suke laɓewa. Ya ce, “Wannan tsagewar fa?” Na ce harsashin Turawa ne. Ya gyaɗa kai, ya sake cewa ikon Allah.

A nan Saratu ta fara tari. Ta yi ɗaya, ta yi biyu, ta zaro min ido ta cikin mayafi. Na ɗauka burge ta nake yi, na sakar mata murmushi. Mahaifiyarta kuwa ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa. Wallahi a raina na ce baiwar Allah, tausayin bayin nan ne ya sa ta kuka, sai na ƙara musu wahala, na ce rabinsu a nan suka mutu.

Daga nan na hango shatin yatsu a jikin yaɓen katangar, inda mai shafe ya ja hannunsa ƙasar tana ɗanya. Na kira jama'a na ce, “Ku matso ku ga abin mamaki. Waɗannan yatsun mutanen da ne. Ƙarti ne majiya ƙarfi, ba irinmu 'yan shinkafa ba. Yau a duk Jos ba mai hannun da zai iya wannan aikin.”

Ban rufe baki ba sai wani tsoho cikin kakin masu gadi ya ratso taron da sandarsa, yana ta fara'a. Ya wuce ni, ya rungume Baba.

“Haladu! Barka da Sallah! Yau ma ka zo duba yaronka?” Ya nuna katangar da sandarsa.

Baba ya ce, “Gyang, ina gajiya? Na zo, amma na tarar ana darasi.”

Tsohon ya juyo gare ni. “Oga, kai ne sabon ma'aikaci? Ba a gaya min ba. Daga can ina ji kana cewa ɗari biyar, ɗari biyar. Wane ɗari biyar? Wannan katanga ni da wannan mutum muka yi shi. Shi yana sama yana ɗora tubali, ni ina ƙasa ina taka laka. Lokacin ko aure ban yi ba. Kwaikwayon na Kano ne aka yi, don yara su ga yadda ake gini a da. An rubuta a allo can, ba ka gani ba?”

Baba ya naɗe hannun rigarsa, ya taka zuwa jikin katangar, ya ɗora ɗan siririn hannunsa a kan shatin yatsun nan. Suka zauna cif. Ya waiwayo ya dube ni, ba fushi ba dariya, ya ce, “Ga ƙaton nan, Malam.”

Sai dariya ta ɓarke. Mijin matar nan, wanda ɗazu ya ce oho, ya ɗaga murya ya ce, “Malam, to jinin shanun fa?” Tsoho Gyang ya ce wane shanu, ko nama ba kullum suke gani ba a lokacin. Ni kuwa ina tsaye cikin shaddata, hannuna ɗaya har yanzu yana nuna katanga, na rasa yadda ake sauke shi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni, na kuma ji tsoro, don na san a gaban idona Saratu take suɓuce min.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin wata bishiya, aka buɗe kuloli. An zuba min shinkafa da cinyar kaza, na zauna ina ta juya cokali a ciki. Saratu ta zo ajiye min ruwa, ta ce ƙasa-ƙasa, “Na yi ta tari har maƙogwarona ya yi ciwo.” A nan ta gaya min Baba magini ne tun yana saurayi, sai da ginin siminti ya kashe kasuwar ya koma sayar da kwano. Duk Sallah sai ya kawo su nan don ya ga inda ruwa ya ci. Ashe har autar gidan ta san wanda ya gina katangar. Tun ina maganar sarki Baba ya yi musu alama da ido su yi shiru.

A hanyar komawa ba wanda ya nemi in yi shiru, da kaina na yi. Da muka isa aka sauke kaya, na durƙusa a zaure zan yi sallama. Na riga na shirya jin “Allah Ya haɗa kowa da rabonsa.” Sai Baba ya ce, “Malam, ni abin da ka faɗa a kan katangata bai dame ni ba, ƙasa ce. Abu ɗaya nake so in sani. Haka kake yi wa 'ya'yan mutane a aji?”

Wannan tambayar ta fi dariyar ɗazu zafi. Ƙarya ta taho har bakin leɓena, na mayar da ita. Na ce, “Wani lokaci, Baba.”

Ya ce, “To. Ka ce wa magabatanka su dakata. In an koma makaranta ka kwaso ɗalibanka ka kai su wurin nan. Zan zo.”

Haka aka yi. Mako uku bayan haka na tsaya a gaban katangar da ɗalibai arba'in, tsoho Gyang yana gefe yana murmushi. Na ce musu ni ban san komai game da ginin nan ba, na taɓa yin ƙarya a kansa a bainar jama'a, ga wanda ya gina shi. Ɗalibai suka kalli juna, don ba su taɓa jin irin wannan daga bakina ba. Sai mutumin nan mai “lafiya” guda ɗaya ya yi awa biyu cur yana magana. Ya nuna musu yadda ake mulmula tubali, da yadda ake jera azara a rufin soro, ya lissafo sunayen abokan aikinsa da suka riga mu gidan gaskiya. Ni ina baya da biro, ina rubutawa kamar kowa.

Da muka fito ya tsaya a bakin ƙofa yana kakkaɓe hannu. Bai ko dube ni ba ya ce, “Ka ce wa magabatanka ranar Juma'a ina gida bayan masallaci.”

Yau 'ya'yanmu huɗu da Saratu. Ciwon nawa bai warke duka ba, don har yanzu in mutum uku suka tsaya bakina yana ƙaiƙayi. Sai dai na koyi abu ɗaya: kafin in ba da tarihin kowace katanga, sai na waiwaya na ga ko mai ita yana tsaye a bayana.